Hancin Maman Levi

A layinmu na unguwar Lokuwa a Mubi, in aka ce amarya ta shirya, ba lalle ake nufi ba, ba kuma ɗinki ba, ko da yake ni ce mai ɗinkin kuma abin yana ɗan ba ni haushi. Ana nufin Maman Levi ta shafa mata mai. Sunana Hamsatu, tela ce ni, katanga ɗaya ta raba gidana da nata, kuma katangar ba ta da tsayin da za ta hana gulma ko ƙamshin miya ƙetarewa. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kanta, ko na gani da idona, ko na shaƙa da hancina.

Sunanta na yanka Roda, amma tun da ta haifi ɗanta na fari sunan ya kwanta. A ƙabila Bagudiya ce, 'yar ƙauyen Kwaja, gajera, mai faɗin kafaɗa, irin matan da suka tashi da ɗaukar tulu a kan dutse. Aure ya kawo ta cikin Mubi. Mijinta Ezekiya kafinta ne, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da wasu faranta na tangaran da ya yi musu murafen katako da hannunsa. Ba ta fashin Zumuntar Mata a cocinsu, ba ta kuma fashin sunan jaririn Musulmi a layin. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk “kai” ne a bakinta, kuma na daina gyara mata tun ranar da ta ce in fara gyara wuyan rigar da na karkatar mata.

Sana'arta guda ce, daga kakarta ta gada. A duwatsun Kwaja da Duvu akwai wani tsiro mai yaɗo da ke hawa kan surƙuƙi da gefen kwari, ganyensa kore shar mai sheƙi. Furensa kafin ya buɗe ja ne, dogo siriri kamar tsinken ashana. Da la'asar ta yi sanyi sai ya fara buɗewa, cikinsa fari fat, ƙamshinsa ya cika kwarin. Masu boko suna ce masa yasmin na daji. Mu dai furen dutse muke cewa. Matan Kwaja kan tsinko shi tun yana dunƙule, su zuba a kwano su rufe da ɗanyen ganye, su aiko da shi gari. Maman Levi takan wanke man kaɗe ta buga shi har ya yi fari ya rabu da warinsa, ta shimfiɗa shi a faranti, ta jera furen a kai da yamma, ta rufe. Da safe ta tsince wanda ya mutu, da yamma ta jera sabo. Haka za ta yi ta yi har man ya ƙoshi, in ji ta. Wannan man ake shafa wa amarya a wuya da hannuwa da safiyar ranar kai ta, 'yar coci ce ko 'yar masallaci. Ba wanda ya kafa dokar, amma ban san uwar da ta taɓa karya ta ba.

Duk aikin a hancinta ya rataya. Ba ta da ma'auni, ba ta da agogo. In aka kawo kwano, sai ta dumbuza ta kai hanci, ta ce wannan na bakin mayo ne, wato rafi, ruwa ya yi masa yawa, wancan na saman dutse ne. Wani lokaci sai ta sa yatsa ta tsince rabin kwanon ta watsa wa kaji, ba ta ce wa kowa komai ba. Ni kaina ban tsira ba. Sai ina girki in ji murya ta bayan katanga.

“Hamsatu, daddawanka ya yi yawa.”

“Mama, a tukunyarki ko a tawa?”

“A hancina. Ka rage.”

Ina ragewa kuwa, don gaskiya take faɗa, shi ya sa ma abin ke ba ni haushi.

A shekarar da aka rufe makarantu saboda korona, ta yi zazzaɓi da mura mai nauyi. Ba ta je asibiti ba, ta sha tazargade da shayin citta, ta tashi. Muka ce Allah ya ƙara sauƙi, kowa ya koma harkarsa. Na lura ta daina yi min faɗan daddawa, amma na ɗauka girkina ne ya gyaru.

Biki ya yi ƙaranci a lokacin, kuma tana da tsohon mai a ajiye, don haka asirin ya daɗe a rufe. Sai da ajiyar ta ƙare ta haɗa sabo. Wanda ya fara fita na 'yar wata mata ce mai suna Janet, 'yar Digil, mai kawo gyaɗa da wake kasuwar Mubi, mace mai baki kamar reza. Bayan bikin, Janet ta zo har gida da kwalbar a hannu. Ba ta yi sallama da kyau ba. Ina kan keken ɗinki na ji komai.

“Mama, wannan me ne? Ranar farko yana ƙamshi, washegari ya koma warin ɗanyen ganye. Wuyan yarinya har ya yi ƙuraje. Dangin miji suna tambaya ko man ƙafa muka shafa mata.”

Maman Levi ta karɓi kwalbar, ta buɗe, ta kai hanci kamar yadda ta saba. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, “Ka yi haƙuri.” Abin da ta ce ke nan. Matar da ke iya musu da mai keke-napep a kan kuɗin hawa ɗaya har ya gaji, ranar ba ta ƙara kalma ba.

Magana ta bazu, don Janet ba ta iya riƙe ruwa a baki ba. Wasu suka ce hannun tsohuwa ya lalace. Wasu suka ce ta fara haɗawa da man kanti. Uwaye biyu a layinmu suka aurar da 'ya'yansu da turaren kwalba, suna sunkuyar da kai in sun wuce ƙofarta. Ni ma na yi ta saƙe-saƙe, ban gano bakin zaren ba sai wata rana da hantsi da ƙaurin wake ya cika min ɗaki. Na leƙa ta katanga. Ga tukunya tana ƙonewa a bayanta, ga ta zaune a kan kujera 'yar tsugune tana tsintar shinkafa, hankalinta kwance. Na zagaya da gudu na sauke tukunyar. Ta juyo ta ga hayaƙin, ta ga fuskata, ta san na gane.

“Tun yaushe, Mama?”

“Tun zazzaɓin nan.” Ta ajiye tiren shinkafar. “Ba ya jin komai. Fure, kashin kaza, kananzir, duk ɗaya. Ina kai abu hanci don mutane su gani ne kawai. In ka faɗa wa wani, ni da kai har abada.”

Na ji tausayinta ƙwarai, har hawaye ya zo min. Ta ce in share, ba mutuwa aka yi ba. Amma ni a wurina kusan mutuwa ce, don ban san Maman Levi ba tare da hancinta ba.

Daga nan ta kife farantanta a saman kabad. Damina guda ta wuce ba ta karɓi fure ba. Matan Kwaja suka aiko, ta ce ba ta da lafiya. Ta rame, ta daina faɗa da kowa, kuma layinmu ya yi shiru irin wanda ba na so.

Sai aka sa ranar auren 'yata Sumayyat, bayan kaka. Sumayyat a tsakar gidan Maman Levi ta koyi tafiya, tana kifar mata da kwanuka. Na je na same ta da dabarata, wadda na ɗauka ta hankali ce. Na ce kada ta damu kanta, zan sayi turare a kasuwa, ita dai ta zo ta sa albarka.

Ta dube ni sama da ƙasa. “Turaren kasuwa. A wuyan yarona.”

“Mama, to ya za a yi?”

“Hanci ne ya mutu. Ido yana nan, hannu yana nan, ƙafa yana nan. Ranar da ba ka da ɗinki ka raka ni Kwaja.”

Ta yi shekaru ba ta hau dutsen ba, don tun da ta yi aure furen ke zuwa ya same ta. Muka hau keke zuwa bakin gari, muka hau mashin, inda hanya ta gagara muka taka. Ni da na girme ta da ƙiba ta girme ni da shekaru, ni ce ke haki a baya. A ƙauyen muka ɗauki Ruth, jikar ƙanwarta, matar aure mai goyo, wadda ita ce yanzu ke tara furen daga hannun mata tana aikowa. Maman Levi ta ce ta kai mu duk inda suke tsinka, kada ta tsallake ko ɗaya.

Wuri na farko daidai ne. Na biyu ma haka. A na uku Ruth ta tsaya gaban wani kurmi mai duhu, ta fara tsinko jan fure siriri tana zubawa a kwano. Maman Levi ta miƙa hannu, ƙaya ta soke ta. Ta karya reshen, farin ruwa ya tsattsafo kamar nono.

“Ruth, wannan cizaki ne.”

“Kaka, ai duk fure ɗaya ne. Ja a waje, fari a ciki, ga ƙamshi. Tun ina yarinya muna haɗawa, ba ki taɓa cewa komai ba.”

Maman Levi ta zauna a kan dutse. Ruth ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma yi ha'inci ba. Tsofaffin da suka san bambancin sun mutu, wasu kuma tun shekarar da aka gudu daga 'yan bindiga ba su dawo ba. Matasan da suka gaje su suna tsinko duk jan furen da ke ƙamshi da yamma. Shekara da shekaru hancin Maman Levi ke tace musu kuskuren a tsakar gidanta, tana watsa wa kaji, ba ta taɓa aika musu da gyara ba, don tacewar ba ta ɗaukar mata lokaci. Furen cizaki in an raba shi da reshensa ya sha hanya, ƙayar ba ta biyo shi, nonon ya bushe, ido ba zai raba shi da furen dutse da sauri ba. Shi ya shiga man 'yar Janet.

“Kama da wane ba ta wane,” na ce, don in rage nauyin maganar.

“Ka yi shiru da karin maganarka,” in ji ta. “Ka riƙe min zani in karya rassa.”

Ranar muka dawo da dami guda na rassa, kowanne da ganyensa da furensa, wasu har da 'ya'ya. Ta shimfiɗa su a tabarma ta fara abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta: ta kalli tsiron da ta ci abinci da shi tun tana budurwa. Ta ari tabarauna na zura zare, ta ari allura, kuma har yau ba ta mayar min da ko ɗaya ba. Na sha leƙowa in gan ta da tabarau a ƙarshen hanci, tana tsaga fure da allura kamar mai fiɗar kifi, bakinta yana motsi.

Ta koma dutsen ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, wani lokaci da ni, wani lokaci ita kaɗai. Sannu a hankali ta raba su gida-gida. Akwai mai ganye ɗaya-ɗaya mai santsi da sheƙi, wanda ganyen kan fito bibbiyu suna fuskantar juna, wani gaɓa ma uku su kewaye kara. Shi ne mai jan baki kafin ya buɗe, shi ne na kakarta, ta sa masa suna Babba. Akwai wanda ganyensa ya rabu uku kamar na wake, mai ɗan gashi-gashi in an shafa, furensa fari tun yana dunƙule. Ta tuna cewa irin wannan ne hancinta kan ce yana da kaifi amma ba ya zama a mai. Akwai kuma wani gajere da ba ya hawa komai, mai ganye mara tsini, wanda ke tohowa a fili bayan an ƙone ciyawa. Duka ukun ba su da ƙaya, ba su da nono, 'ya'yansu baƙaƙe ne, sau da yawa tagwaye. In ta tsaga maƙogwaron furen, sai ta tarar da 'yan sanduna biyu masu rawayan kai a ɓoye a ciki, ko da yaushe biyu. Na cizaki kuwa biyar ne, yatsun furensa ma biyar, ba ya ƙari ba ya ragi, alhali Babba yakan yi shida, bakwai, har fiye, yadda ya ga dama.

Akwai wani dattijo a bayan layinmu, Baba Yaji, tsohon malamin daji da ya yi ritaya, wanda ke kawo min rigunansa in rage musu wuya. Wata rana ya ga rassan a ƙofarta ya tsaya. Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki wani, fuskarsa ta washe kamar ya ga tsofaffin abokai. Suka shiga hira, ni kuma na bar ɗinki na jingina da ƙofa.

“Maman Levi, ai yadda kika jera su haka masana suka jera su. Waɗannan ukun gida ɗaya ne, sanduna biyun nan su ne shaidar gidan. Kin san kuma wa ke cikin danginsu? Zaitun.”

Ta cire tabarau. “Zaitun na Littafi? Wanda ake shafa wa sarakuna?”

“Shi fa. Shi ma furensa sanduna biyu ne, in kin samu ki tsaga ki gani.”

“To cizaki fa, ɗan gidan wa ne?”

“Dangin tumfafiya ne. Ba ki ga nonon ba?”

Ta yi dariya har ta riƙe ciki, dariyar farko da na ji daga bakinta tun zuwan Janet. “Ashe ɗan tumfafiya ne ya sa rigar biki ya shigo min gida.” Daga ranar ba mai zama da ita bai ji cewa furenta ɗan'uwan zaitun ba ne. Ta faɗa a Zumuntar Mata, ta faɗa wa mai gawayi. Shi kuma Baba Yaji ya tambaye ta inda gajeren nan ke fitowa, don ya ce a duk yawonsa na aiki sau ɗaya ya taɓa ganinsa da fure, kuma ta kwatanta masa har da dutsen da zai bari a hannun hagu.

Sai ta kafa sabuwar doka ga matan Kwaja. Ba ta ƙara karɓar fure tsirara a kwano. Kowane fure ya zo da ɗan reshensa da ganyensa, “da takardar gidansu,” in ji ta. Ta hau dutsen ta tara su a gindin tsamiya ta nuna musu ƙaya, ta nuna musu nono, ta sa kowace ta tsaga fure da tsinke ta ƙirga. Suka yi ta gunaguni cewa rassa sun fi nauyi a kai. Ta ce su gode Allah ba duwatsun ta ce su kawo ba. Ba ta gaya musu dalili ba, su kuma suka ɗauka tsufa ne ya zo mata da fitina.

Ta sauko da farantan ta wanke. Aikin da a da take yi a tsaye cikin ɗan lokaci, yanzu yana cin mata yamma guda, reshe bayan reshe, tana duba ganye, tana karya kara, wanda ta yi shakka ta tsaga. Wuyanta ya yi ta ciwo. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, sai dai ta zagi allurata ta ce ba ta da tsini.

Abu ɗaya ya rage wanda ido ba zai yi ba, wato sanin ranar da man ya ƙoshi. Nan ta ari hancina, kuma ta sha wahala da shi. Kowace safiya sai ta kira ni ta katanga, ta ɗaga murfi ta ce in shaƙa. Ni kuma don ina so ta huta, tun a kwanakin farko na ce ya yi.

“Ƙarya kake.”

“Mama, ke da ba ki ji, ta ina kika san ƙarya nake?”

“Bakinka ya ce ya yi, fuskarka yana tunanin ɗinki. Ka tafi, gobe ka dawo.”

Labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuwa ta iya tambaya. Haka muka yi ta yi, ina cewa ya yi, tana kora ta. Har wata safiya ta ɗaga murfin, na sunkuya, ban san lokacin da na rufe ido ba, na kuma manta da abin da zan ce. Da na buɗe ido na tarar ta riga ta ɗauko kwalba tana gogewa.

Duk da haka ba ta natsu ba. Ta ce min hancina na maƙwabciya ne, yana ƙaunarta, ba a dogara da shaidarsa. Kuma ta san abin da ke jiranta. Al'adar shafa mai ita ce, in mata sun taru a ɗakin amarya, Maman Levi za ta buɗe kwalba, ta shaƙa a gaban kowa, ta ce “ya ƙoshi,” sannan ta fara shafawa. A bikin 'yar Janet ta yi hakan da mataccen hanci, kuma ta ce min abin ya fi ƙurajen yarinyar tsaya mata a rai. Na ce ta sake yi sau ɗaya, wa zai sani? Ta rufe kwalbar ta naɗe ta a farin ƙyalle.

Safiyar kai Sumayyat ɗakina ya cika maƙil, dangina na unguwar Shuware, ƙawayen amarya, matan layi, 'yan Zumuntar Mata da suka zo taya ni girki. Janet ma ta zo, don a wurinta na sayi gyaɗar biki, kuma ba a gayyatar gyaɗa a bar mai ita. Ta samu wuri kusa da ƙofa ta zauna ta harɗe hannu. Da Maman Levi ta shigo da kwalba a cikin farin ƙyalle, na ji Janet ta ce wa ta kusa da ita, da muryar da ta tabbatar kowa ya ji, “Hamsatu dai tana da ƙarfin hali.” Na so in mayar mata, amma ranar ni uwar amarya ce, sai na haɗiye.

Maman Levi ta zauna gaban Sumayyat ta kwance ƙyallen. Ta buɗe kwalbar. Ta ɗaga ta har kusa da fuskarta, sai ta tsaya, ta sauke ta a cinya.

“Ba zan shaƙa ba,” ta ce. “Hancina ya mutu tun shekarar korona. Ba ya jin komai. Man da na ba yaron Janet, ban ji shi ba na ce ya ƙoshi. Wannan ma ban ji shi ba. Na duba shi da ido, ganye-ganye, fure-fure, iyakar abin da zan iya ke nan.”

Na san in wannan kwalba ta faɗi a gaban matan nan, ba uwar da za ta sake taka ƙofarta. Ta juya, ta tsallake ni, ta tsallake 'yan cocinsu da za su rufa mata asiri, ta miƙa kwalbar can bakin ƙofa.

“Janet, kai ka shaƙa. Bakinka ba ya tausayin kowa. In bai yi ba ka faɗa, a kawo turaren kasuwa.”

Kwalbar ta bi hannu-hannu har ta isa. Janet ta karɓa fuska a murtuke. Ta shaƙa sau ɗaya. Ta lakato kaɗan ta murza a bayan hannunta, ta jira ya narke, ta sake shaƙa. Ta daɗe ba ta ɗago ba, har wata gwaggon amarya ta fara gyaran murya. Da ta ɗago, idanunta sun yi ja.

“Ya ƙoshi, Mama,” ta ce a hankali. “Irin wanda kika shafa min ne ranar nawa auren.”

Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, ni kuma na fashe da kuka ban ji kunya ba. Janet ta taso da kanta ta kawo kwalbar, ta durƙusa ta ajiye. Maman Levi ta lakata, ta kama hannun Sumayyat ta fara shafawa daga wuyan hannu zuwa gwiwa, yadda ta saba, ba gaggawa. Na yi zaton za ta yi murmushi ko ta yi wa Janet baƙar magana, don ta cancanta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Da Janet ta yunƙura za ta koma wurinta, sai ta riƙe mata gefen zani da hannun da ba mai. Ina kusa, don haka na ji abin da ta ce ƙasa-ƙasa.

“Ka zauna tukuna. Yaya yake?”

“Me, Mama?”

“Ƙamshin. Da ina iya tuno shi in na rufe ido. Yanzu ya fara tafiya. Ka faɗa min yadda yake.”

Janet, wadda ba a taɓa rasa magana a bakinta ba, sai da ta sake shaƙar bayan hannunta. Ta ce yana da sanyi da farko, sannan ya yi zaƙi, amma ba zaƙin alewa ba. Ta ce a'a, ba haka ba ne, bari ta sake. Ta gyara zama a ƙasa kusa da ita ta fara lalubo kalmomi, tana faɗa tana warwarewa. Maman Levi ta karkata kunne gare ta, hannunta bai daina aiki a wuyan 'yata ba.

“Kada ka yi sauri,” ta ce mata. “Ina ji.”